Kwamfuta a Makarantunmu

Yara, kun san allo da tawada, kun kuma san alli da allon bango. To, ga wani sabon kayan karatu ya shigo, sunansa kwamfuta. Waɗansu iyaye suna cewa abin wasa ce, ba ta da amfani ga ɗan firamare. Waɗansu kuwa suna zaton da an kawo ta an gama gyaran makaranta. A ganina dukansu sun yi kuskure.

Ga dalili. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar yin jarrabawa da takarda da fensir. Duk mai son shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi. Yaron da ya fito daga Kuchi ko Sanyinna, in bai taɓa sa mata hannu ba, lokaci zai ƙure masa yana neman inda zai danna, ko da ya san amsa sarai. Ashe kuwa hana shi koyonta cuta ce.

Amma fa kwamfuta ba ta aiki sai da lantarki. Tana bukatar ɗaki mai rufi da ƙofa, don ruwan damina da ƙurar hunturu suna lalata ta. Tana kuma bukatar malamin da ya san ta. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba kuwa, yaya zai gane abin da ke rubuce a fuskarta?

A birnin Sakkwato aka ƙaddamar da shirin UBE a 1999, watau ilmin farko ga kowane yaro. A 2015 kuma Aminu Waziri Tambuwal, sa'ad da yake gwamna, ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, domin makarantu da yawa sun lalace. Gyara irin wannan daga tushe ake fara shi.

Saboda haka shawarata ita ce a bi abin daki-daki. A fara gyara azuzuwa, a horar da malamai, a tabbata kowane ɗan aji uku yana karanta Hausa. Sa'an nan a gina ɗakin kwamfuta a manyan makarantun Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji, a sa masa lantarki mai aiki da hasken rana, tun da Allah ya hore mana rana. Makarantun ƙauyuka na kusa su riƙa zuwa bi da bi, maza da mata.

Ku kuma naku aikin shi ne ku zo makaranta kullum, ku ƙware a karatu da lissafi, ku kula da kayan aji kamar na gidanku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Me ya sa ɗan ƙauye yake bukatar koyon kwamfuta?
2. Faɗi abubuwa uku da kwamfuta take bukata.