ZAUREN LISSAFI: Shaidar Ta Isa Kuwa?

A wannan wata za mu duba wani irin lissafi wanda ba ya neman a faɗi amsa. Abin da yake tambaya shi ne, abin da aka gaya mana ya isa mu san amsar, ko kuwa da saura? Akwai wata jarrabawa ta Amurka mai suna GMAT, ta masu neman zurfin ilmin kasuwanci, wadda take da irin wannan tambaya. Akan ba ɗalibi tambaya ɗaya da bayani biyu, shi kuwa ya faɗi ko na fari ya isa, ko na biyu, ko sai an haɗa su, ko kuma duka biyun sun kasa. Mu a aji muna kiran bayanan nan shaidu, gama aikinsu ke nan.

Bari mu fara daga gona. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun suna noman rani da ruwanta. To, a ce wani dattijo na Ruwan Gizo ya sami buhunan shinkafa, yana so ya raba wa 'ya'yansa 6 daidai wa daida, ba tare da an kwance bakin buhu ba. Zai yiwu?

Shaida ta fari ta ce buhunan suna rabuwa biyu ba saura, wato cika ne, ba mara ba. Wannan bai isa ba. In 12 ne sun rabu, in 8 ne ba su rabu ba. Shaida ta biyu ta ce suna rabuwa uku ba saura. Ita ma ba ta isa ba, gama 9 yana rabuwa uku, amma ba ya rabuwa shida. Sai mu haɗa su. Lambar da take rabuwa biyu, take kuma rabuwa uku, lalle ta rabu shida. Ku lura, har yanzu ba mu san yawan buhunan ba. Ko 6 ne, ko 30, ko 72. Duk da haka mun san rabon zai yiwu, abin da aka tambaye mu ke nan.

A nan yara sukan yi gaggawa. Sai su ce, ashe abin da ya rabu huɗu, ya kuma rabu shida, zai rabu 24. Ina! Ku gwada 12. Dalili kuwa, 4 da 6 dukansu suna da 2 a cikinsu, amma 2 da 3 ba abin da ya haɗa su. Misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe magana, ko da misalai goma sun goyi bayanta.

Ga wani abin lura. Da shaida ta ce buhunan mara ne, da ita kaɗai ta isa, gama mara ba ya rabuwa biyu, balle shida. Amsar ita ce a'a, kuma tabbatacciya ce. Yara da yawa suna tsammani in amsa ta zama a'a, shaidar ce ta kasa. Ba haka ba ne. Shaida takan kasa ne sa'ad da ta bar mu tsakanin i da a'a.

Yanzu mu shiga kasuwar Talata Mafara ran Talata. A ce kaza naira dubu 5, zabo naira dubu 7. Wata uwa ta kashe naira dubu 31 a kan kaji da zabi. Nawa ta saya? Wani zai ce ba yadda za a sani, tun da abu biyu ne a ɓoye, magana kuwa ɗaya. Amma mu gwada. In zabo 1 ne, saura 24, ba ya rabuwa biyar. In 2 ne, saura 17. In 3 ne, saura 10, wato kaji 2. In 4 ne, saura 3, bai kai kuɗin kaza ba. Ashe zabi 3 da kaji 2, ba wata hanya. Abin da ya taimake mu shi ne, ba a sayen rabin kaza mai rai. Da kayan awo ne, inda akan auna rabin mudu, da shaidar ba ta isa ba. Haka kuma da dubu 47 ta kashe, da mun sami amsa biyu: kaji 8 da zabo 1, ko kaza 1 da zabi 6. A nan mai gaskiya sai ya ce a ƙaro bayani.

Kada yaranmu su ɗauka irin wannan tunani baƙo ne a ƙasarmu. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan jera lambobi cikin gidaje masu yawan mara, yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ku zana gida tara, uku-uku, ku sa 1 zuwa 9. Jimlarsu 45, layi uku, saboda haka kowane layi 15. Layi huɗu suna ratsa tsakiya, jimlarsu 60. Cikinsu an ƙidaya kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Rarar 15 ɗin nan ta lambar tsakiya ce sau uku. Ashe 5 ce, tun ba mu rubuta kome ba.

Iyaye, wannan darasi ya wuce allo. Shari'ar Musa, a Maimaitawar Shari'a 19:15, ta hana a kama mutum da laifi a kan bakin mutum ɗaya. Gida nawa suka rabu a kan gādo, adashi nawa suka watse, don wani ya yanke hukunci da rabin labari? An ga kuɗin baiko ya kasa, an kuma ga wane kusa da akwati. Shaidu biyu ke nan, amma sun isa? Kafin mu buɗe baki, mu nemi wata hanyar da abin zai iya faruwa, kamar yadda muka nemi 12 ɗazu. In ta samu, mu yi shiru tukuna. Ku kuma yabi yaron da ya ce bayanin bai isa ba, ya kawo dalili, fiye da wanda ya yi cinta ya dace.

Ga aikin gida. Awakin wani makiyayi ba su kai 40 ba. In an ƙirga su huɗu-huɗu, saura 1. In an ƙirga biyar-biyar, saura 2. Mun san yawansu? In kuma aka ce ba su kai 30 ba fa? Ku zauna da yara bayan addu'ar dare, ku gwada da tsakuwa ko ƙwayar wake. Amsa tana zuwa a wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.