Zauren Iyali: Wutar Balansiya da Ɗalibin Dare

Daga cikin magidantanmu da neman halali ya kai ƙasar Sifen, akwai masu koyon harshen ƙasar a ajin dare. Idan watan Maris ya kama, malami da maƙwabci ba su da zance sai bikin Falas na birnin Balansiya, birnin da Musulmi suka mulka har shekarar 1238. Ran 19 ga wata ake cinna wa manyan mutum-mutumi na katako da kwali wuta. An ce kafintoci ne suka faro al'adar da ƙona guntayen itace idan hunturu ya ƙare. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon ɗan Adam a 2016.

Shin ɗalibi ya toshe kunnensa? Muna ganin a'a. Sanin al'adar mutane daban, yin ibadarsu daban. Ya tambaya da ladabi, ya nisanci giya da abin da ya shafi bauta. Wanda ya saurari tarihin wutar maƙwabcinsa, gobe shi za a saurara idan yana bayanin azumi da layya. Allah Ya sa mu dace.