Kada A Yanke Wa Kalangu Harshe

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ran a birnin Bauchi ranar biki yakan ji amon kalangu, amma in ya waiwaya sau da yawa ba zai ga makaɗi ba, sai lasifika. A kwamfuta aka harhaɗa kiɗan.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1987 wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fito da manhajar Ultimate Soundtracker, wadda ake jera guntayen sauti a cikinta layi-layi, kowane da lokacin tashinsa.

To, hanya biyu ake bi wajen yanka sautin. Ta farko, a ɗauki bugu ɗaya tak, na'ura ta riƙa ɗaga shi tana saukewa. Ta biyu, a naɗi cikakken take daga hannun makaɗi, a yanka shi daidai inda maganarsa ta tsaya.

Ta farko ta fi sauri da araha, amma ɓarna ce. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yakan matse tsarkiya a hammata, murya ta hau ta sauka cikin bugu guda, kamar dai yadda Bahaushe ke furta kalma. Wanda ya saurari kalangun Alhaji Mamman Shata ya san haka. Bugu ɗaya da aka maimaita kuwa ba ya kiran sunan kowa.

Saboda haka ya kamata samarin situdiyo su bi hanya ta biyu, su kuma biya makaɗin haƙƙin guminsa. In ba haka ba, wata rana za a nemi mai kaɗa taken a rasa.