Tabar wiwi: bashin da yaro ke ci, magidanci ya biya

Duk mazaunin Maraɗi, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya san warin tabar wiwi ko da bai taɓa riƙa ta ba. Ana jin shi a lungunan tasha, a kangaye, a bakin gulbi, da wasu fadodin samari bayan sallar isha'i. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne shekarun masu zuƙar ta. Cikinsu akwai ɗan lakwal da ya gudo daga aji, da yaron shago, da ɗan dako, da ɗan kabu-kabu da ya baro Tibiri ko Jiratawa da asuba neman na tuwo. Da yawansu ko gemu bai fito musu ba.

Mun saba ɗaukar wannan lamari a matsayin rashin tarbiyya, ko kuma aikin ƴan sanda. A ganinmu magana ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ke ɓoye mana haka shi ne illar ba ta zuwa da wuri. Yaro ya fara sha yana ɗan shekara 15. Sai ya kai 22 ko 25, wataƙila an ɗaura masa aure, an ba shi jari, sannan a ga ya fara magana shi kaɗai, yana jin muryoyin da ba mai jinsu, yana zargin mahaifiyarsa da zuba masa guba. A lokacin sai a ce iska ce, ko sammu ne na abokan kasuwa. Ba mai tuna ƙullin ganyen da aka tsinta a aljihunsa shekara bakwai da suka wuce.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan alaƙa. A 1987 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin kan samari sama da dubu 45 da aka ɗauka aikin soja, aka bi rayuwarsu shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin ɗaukarsu sun ninka sauran har sau shida wajen kamuwa da ciwon hauka mai daɗewa, wanda likitoci ke kira sikizofireniya. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan kuma, an bi yara 1037 tun haihuwarsu a 1972 da 1973. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna cewa cikin waɗanda suka riga suka fara sha a shekara 15, ɗaya cikin goma ya kamu da irin wannan ciwo kafin ya wuce 26, alhali a cikin sauran uku ne cikin ɗari. A 2019 an tattara bincike 11 da suka shafi mutum sama da dubu 23, aka ga wanda ya sha wiwi yana matashi ya fi faɗawa ciwon baƙin ciki mai tsanani bayan ya girma, kuma ya ninka wanda bai sha ba sau uku wajen yunƙurin kashe kansa.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke ƙarewa a ƙarshe shi ne mai kula da tunani, da haƙuri, da auna abin da zai biyo baya. Sinadarin da ke bugarwa cikin wiwi yana shiga daidai hanyoyin da wannan gini ke bi. Kowane magini ya san bambancin taka bulo busasshe da taka ɗanye. Shi ya sa cikin masu fara sha tun suna matasa, kusan ɗaya cikin shida ke kasa bari.

Wani zai ce: ai ga wane can, shekara talatin yana sha, kuma garau yake. Gaskiya ne, mafi yawan masu sha ba sa haukacewa, kuma gado da wahalar rayuwa suna da nasu kaso. To amma wa ya san ɗan da ke ɗauke da gadon tun kafin ciwon ya fito? Ɗan kasuwar kirki ba ya zuba dukan jarinsa a hajar da ya san tana iya nutsewa don kawai ta maƙwabcinsa ta tsira. Balle a nan sau da yawa ba wiwi kaɗai ake sha ba, ana haɗa ta da tiramol da sholisho.

Hukuma ba ta zauna ba. Akwai dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta watan Satumban 1999, akwai kuma hukumar OCRTIS, wadda a watan Maris na 2021 ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai, kayan da aka nufi Libiya da su. Wannan abin yabo ne. Sai dai kamun manyan kaya masu wucewa bai warkar da yaron da ke zaune a kango, kuma jefa ɗan shekara 16 kaso tare da riƙaƙƙun ɓarayi ƙarin karatu ne kawai a makarantar ɓarna. Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasar nan, galibinsu kuma suna Yamai. Iyalin da ɗansu ya zautu a Tibiri kan fara da boka ko ƴan bori, su sayar da akuya, su jinginar da gona, wani lokaci su ɗaure shi da mari, sai abin ya gagara a nufi asibiti. Alhali irin wannan ciwo, gwargwadon saurin kai shi ga likita, gwargwadon sauƙin da ake samu.

Don haka muna kira ga mahukuntan jiha da su horar da malaman jinya na ƙananan asibitocin Tibiri da Jiratawa da unguwannin Maraɗi, su iya gane alamun farko, su san inda za su tura marar lafiya. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta ƙirga mana yawan ɗalibai masu sha da shekarun da suke farawa, don a daina aiki da ƙiyasi. Malaman lakwal da limamai su faɗa wa yara gaskiyar adadin nan, domin tsoratarwa da ƙarya ba ta kama matashin da ke ganin abokinsa na sha bai mutu ba. Sarkin Katsinar Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri su sa masu unguwanni su sa ido kan dillalai, waɗanda kowa ya san ƙofar gidansu.

Ku kuma alhazan kasuwa, yaron da ke buɗe muku shago da safe amana ce. Idan kun ga idonsa ya yi ja, lissafi ya fara kuɓuce masa, korarsa ba ta raba shi da ganye, sai dai ta miƙa shi ga dillali. Ku zauna da shi, ku nemi iyayensa, ku biya masa kuɗin ganin likita. Kowace shekara da aka jinkirta wa yaro zuƙar farko riba ce ga hankalinsa.

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Su ne za su gaji shaguna da ofisoshi da gonakin zogalen Jiratawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.