Hoton da Tsuntsu Bai San An Ɗauka Ba

Daga watan Oktoba zuwa Maris, dausayin Haɗeja da Nguru kan cika da baƙi. Tsuntsayen bakin ruwa ne masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka taso daga arewacin Turai da Saberiya, cikinsu har da wanda Turawa ke kira ruff, mai kiwo a taɓo da gonakin shinkafar da aka girbe. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, kuma wurin ya daɗe yana jan masu kallon tsuntsaye da masu ɗaukar hoto.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata masu kyamara su bari: tayar da garken tsuntsaye don a samu hotonsu a sama. Wani ya tafa hannu, wani ya jefa hoge, wani ya sa mai kwalekwale ya kutsa tsakiyarsu. Hoton kan yi kyau, amma tsuntsun ne ke biyan kuɗinsa.

Kafin waɗannan baƙi su juya arewa a watannin Fabrairu da Maris, sai sun tara kitse, domin shi ne guzurinsu na ƙetare Sahara da Bahar Rum. Tashi sama yana cin ƙarfi fiye da takawa a taɓo nesa ba kusa ba, ga kuma lokacin kiwo da aka yi asara. Firgita ɗaya ba ta kashe tsuntsu, amma idan ta maimaitu sau da yawa a yini, guzurin yana raguwa. Wurin komawa ma ya ƙuntata: madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da dausayin, kacalla kuma ta mamaye sarari mai yawa.

'Yan gida ma ba su tsira ba. Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake saka ƙwai, kuma da tsakar rana inuwa yake yi masa da jikinsa. Duk wanda ya matso har uwa ta tashi, ya bar ƙwan ga zafin rana da hankaka.

Wani zai ce masunta da makiyaya sun fi mai hoto yawan ratsa wurin. Gaskiya ne. Sai dai su abinci suke nema, kuma wucewa suke yi a hanyar da tsuntsaye suka saba gani. Mai hoto kuwa kai tsaye yake nufar tsuntsu, ido a kansa, tamkar maharbi. Yana kuma da zaɓin da masunci ba shi da shi: ya zauna ya jira.

Jiran nan shi ne sana'ar. A isa bakin ruwa kafin fitowar rana, cikin tufafi marasa ƙyalli, a zauna ko a kwanta daidai tsayin idon tsuntsu, rana tana bayan mai ɗauka. Gilashin kyamara mai milimita 400 ko fiye zai jawo abin da ke nesa ba sai an taka ba. Hasken hantsi na farko da na gab da faɗuwar rana sun fi fito da launin gashi, hazon hunturu kuma yana tausasa haske, don haka ba a bukatar walƙiyar kyamara. Jirgi maras matuƙi a bar shi a gida, domin tsuntsaye kan ɗauke shi shaho. Idan an ci karo da sheƙa, kada a bayyana wurinta a intanet.

Tsuntsu da kansa yake faɗin iyakarsa. Idan ya daina kiwo, ya miƙa wuya, ko ya fara takawa yana nisa, an matso da yawa, sai a ja baya. Wanda ya yi shiru na rabin sa'a sau da yawa zai ga garken ya matso da kansa. Sannan ne zai samu hoton tsuntsu yana caka baki a taɓo, ko yana barci a kan ƙafa ɗaya, abin da mai jefa hoge ba zai taɓa gani ba.