Rabon Aiki Tsakanin Makaɗa: Baiwa Ce Ko Koyo?

Kwanan baya gardama ta tashi a ɗakin kwananmu a kan faifai biyu. Dukansu kiɗa ɗaya ne, watau La Cumparsita, wanda ya fi kowane kiɗan tango suna. Na fari ƙungiyar Juan D'Arienzo ce ta kaɗa shi, mutum fiye da goma. Na biyu kuwa mutum biyu ne tak, mai fiyano da mai gita. Wani daga cikinmu ya rantse ba kiɗa ɗaya ba ne. Da muka sake saurare sai muka ga kari ɗaya ne, rabon aikin ne ya bambanta. Daga nan aka shiga wata gardama: shin wannan rabo baiwa ce, ko kuwa ilmi ne da a ke koya? Mu dai mun tsaya a kan ilmi ne, ga kuma hujjarmu.

Tango ya tashi ne wajen 1880 a biranen Buwenos Aires ta Ajantina da Montebidiyo ta Urugwai, inda jikokin bayin Afirka suka cuɗu da baƙi daga Italiya da Sifen. Da fari mutum uku ke yinsa: mai sarewa, da mai gita, da mai goge irin na Turawa. Sa'an nan aka shigo da bandoniyon daga Jamus, wani abin kiɗa mai kama da zugazugin maƙeri, da maɓallai 71, yawancinsu sautin da su ke bayarwa in an ja dabam ne da na in an matsa. A 1924 Julio De Caro ya kafa ƙungiyarsa ta mutum shida: bandoniyon biyu, goge biyu, fiyano, da uban goge mai ƙatuwar murya. Daga 1935 zuwa 1955 ƙungiyoyi suka ƙasaita, har a kan jera bandoniyon huɗu da goge huɗu. Bayan nan kasuwar manyan gidajen rawa ta faɗi, ciyar da mutum goma sha ya gagara, aka koma 'yan ƙananan ƙungiyoyi. Kun ga ke nan mai tsara kiɗa bai taɓa hutawa ba, kullum sai ya yi ɗinki daidai jikin mai riga.

To, mene ne aikinsa? Kowane tango yana da ayyuka uku: kari, da bugu, da amshi. Abin mamaki, ƙungiyar tango ta asali ba ta da ganga. Hannun hagun mai fiyano da uban goge su ke riƙe da bugu huɗu ɗin da masu rawa ke takawa a kai. Goge da bandoniyon su yi ta miƙa wa juna kari, in wannan ya ɗauka wancan ya amsa, can wajen ƙarshe masu bandoniyon su zuba gudu. In an ce mutum biyu za su yi wannan duka, tilas a zaɓi abin da za a riƙe da wanda za a saki. Ba kuma zai yiwu a ɗauki rabon goge a miƙa wa gita haka kawai ba, gama goge yana jan sauti ya daɗe, na gita kuwa da an taɓa tsirkiya ya fara mutuwa. Mai sarewa sai an bar masa wurin numfashi. Wanda bai san halin kowane abin kiɗa ba lalle zai rubuta abin da hannu ba ya iyawa. Wannan sani kuwa ba a haihuwar mutum da shi.

Ku duba labarin Astor Piazzolla. Ya shiga ƙungiyar Aníbal Troilo a 1939 yana saurayi, ya riƙa tsara mata kiɗa, yana kuma ɗaukar karatu wurin Alberto Ginastera. An ce in ya kawo takarda cike da gwaninta, sai Troilo ya sa abin goge rubutu ya share duk abin da zai rikita ƙafar masu rawa. Ya bar ƙungiyar a 1944, ya tafi Faris a 1954 ya yi karatu wurin Nadia Boulanger, ya kafa ƙungiyar mutum takwas a 1955, da ta mutum biyar a 1960. Kiɗan da ya yi wa mahaifinsa ta'aziyya da shi a 1959, Adiós Nonino, ya yi ta sake masa tsari duk sa'ad da ya sake ƙungiya. In da baiwa kaɗai ta isa, me ya kai shi gaban malamai har shekara da shekaru?

Masu ja da mu sun ce akwai makaɗan tango da su ke haɗuwa su kaɗa ba takarda, kowa ya san wurinsa, kuma takarda tana kashe rai. Ba mu ce ƙarya suka yi ba. Gaskiya ne yadda gwani ke jinkirta kari ya kuma cim ma bugu ba ya rubutuwa sosai, sai dai a ji da kunne. Amma fa waɗannan mutane sun iya ne don sun daɗe zaune kusa da manya. To, in manyan suka ƙare fa?

Haka kuwa ya kusa faruwa. Da manyan ƙungiyoyi suka watse, takardunsu da yawa suka salwanta, samari suka tashi ba su da wanda za su zauna gefensa. Sai a shekara ta 2000 aka buɗe wata ƙungiya ta koyarwa a Buwenos Aires bisa himmar Ignacio Varchausky, aka ba Emilio Balcarce shugabanci, tsoho wanda ya haye shekara 80. Suka nemo takardun da suka tsira, waɗanda suka ɓata kuwa aka zauna aka kwafo su daga faifai, sauti bayan sauti, aka gayyato sauran dattawa su nuna da hannu. A 2009 UNESCO ta sa tango cikin gādon al'adun duniya, amma suna ba ya raya sana'a, almajirai ke raya ta.

Saboda haka shawararmu ga mai son koyon wannan aiki uku ce. Ya fara da kunne, ya kwafi tsarin magabata har ya gane dalilin kowane rabo. Sa'an nan ya ɗauki kari ɗaya ya tsara wa mutum biyu, da uku, da shida, gama ƙaramar ƙungiya ba ta ɓoye kuskure. Daga ƙarshe ya kai takardarsa ga masu kaɗawa, ya jure a share masa.

Mu da a ke horonmu aikin malanta bai kamata wannan ya wuce mu ba. Darasi ɗaya ne, amma yadda za a ba yara arba'in dabam ne da yadda za a ba biyar. In kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. Abin da muka koya wurin manya kuma mu rubuta shi tun suna da rai. Allah ya sa mu gane, amin.