Idan Ɗanki Ya Ce Zai Bi Jirgin Ruwa



Makon jiya Yayata ta kira ni da sassafe, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ki zo ki ja wa ɗanki kunne, ni na gaji." Ɗan nata na fari ne ke shirin cike fom ɗin JAMB, ya kafe sai injiniyancin jiragen ruwa zai karanta. Yaro ne da tun yana firamare ba a barin rediyo a kusa da shi, yanzu kuwa duk layinsu shi ake kira idan janareto ya ƙi tashi. Ita likita take so ya zama. "Mu da ko kogi ba mu da shi a garin nan," in ji ta, "me ya haɗa mu da teku? Ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Na tafi da niyyar taya ta faɗa. Da na zauna da yaron sai ya ce, "Anti, burodin da kika karya da shi yau, daga ina alkamarsa ta zo?" Na yi shiru. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa, taliya da burodi a Najeriya daga waje ake kawo ta, a cikin jirgin ruwa. Haka kifin ƙanƙara, da yawancin atamfofin da ke Kantin Kwari. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashen duniya ke sayar wa juna ta teku suke bi. Namu suna sauka a Apapa, Tin Can, Onne ko sabuwar tashar Lekki, na 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma galibi ta Kwatano ko Lome, sannan tirela ta ƙaraso da su. Har tashar sauke kwantena ta kan tudu aka buɗe a Zawaciki da ke Kano a 2023.

Wannan ya sa na koma gida na yi karatu a kan sana'ar, don kada na hana yaro abin da ban sani ba.

A jirgin ruwa akwai ɓangare biyu. Kyaftin da mutanensa suna sama, su ke kula da hanya da lodi. Injiniyoyi suna can ƙasa a ɗakin inji, ƙarƙashin babban injiniya, sai na biyu, na uku, na huɗu, da ɗalibi mai koyon aiki. Babban injin manyan jiragen kwantena ya kai tsayin bene mai hawa huɗu. Akwai wani ƙirar kamfanin Wärtsilä mai silinda 14 da nauyinsa ya kai tan 2,300. A hankali yake juyawa, kamar sau 100 a minti, kai tsaye yana murza farfelar da ke tura jirgin. Jirgi ba shi da birki. Idan ana son ja da baya, kashe injin ake yi a sake tayar da shi ta ɗaya gefen da matsattsiyar iska.

Aikin bai tsaya a nan ba. Jirgi a tsakiyar teku gari ne da ba shi da NEPA, ba shi da mai garuwa, ba shi da bakanike a bakin titi. Injiniyoyin ne ke samar da wutar lantarki da janaretocin jirgin. Su ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, da zafin da injin ke fitarwa. Su ke kula da firjin abinci, da famfuna, da na'urar juya akalar jirgi, da tace baƙin mai kafin ya shiga inji. Idan wani ƙarfe ya karye saura kwana goma a ga tudu, su za su shiga ɗakin gyara su ƙera madadinsa.

Don ki ga nauyin amanar da ke wuyansu, ki tuna da jirgin nan Dali. Ranar 26 ga Maris 2024, yana fita daga tashar Baltimore a Amurka cikin dare, wutarsa ta ɗauke. Famfunan da ke kai wa babban injin mai da ruwan sanyaya da lantarki suke aiki, don haka shi ma ya mutu. Jirgi mai tsawon mita 300 ya ci gaba da tafiya ba mai iya tsayar da shi, ya daki ginshiƙin gada, gadar ta rufta. Leburori shida da ke cike ramukan titi a kanta suka rasu. Masu bincike sun gano cewa wata waya guda ce ta saki a cikin akwatin lantarki. Da na karanta wannan sai na tuna yadda yaron Yaya ke sake bin kowace waya da yatsa kafin ya rufe janareto, har ana yi masa tsiya wai ya cika naci.

Yanzu ga abin da ya kamata uwa ta sani, mai daɗi da mara daɗi.

Makarantu akwai su. Akwai Kwalejin Horar da Ma'aikatan Jiragen Ruwa ta Najeriya da ke Oron a jihar Akwa Ibom, akwai Jami'ar Sufurin Ruwa da ke Okerenkoko a jihar Delta, akwai kuma wata jami'ar a Accra da ƙasashen yankinmu suka haɗu suka mallaka. Hukumar NIMASA tana da shirin tura matasa karatun wannan fanni a ƙasashen waje tun 2008. Yaro yana buƙatar kiredit a lissafi, fiziks, kemistiri da Turanci.

Babban tarnaƙin yana bayan karatun aji. Dokar duniya ta ce ba a ba mutum lasisin injiniyan jirgi sai ya yi watanni yana aiki a ɗakin injin jirgi na gaske, an cike masa littafin horo, sannan ya ci jarabawa. Jiragen da ke ɗaukar ɗalibai a ƙasarmu ba su da yawa, shi ya sa matasa da dama suka gama makaranta suka zauna shekaru a gida suna jiran gurbi. Don haka kafin ki sayar da ɗan kunnenki ki biya kuɗin makaranta, ki tambaye su: ɗaliban da kuka yaye shekara biyu da suka wuce, nawa ne suka hau jirgi? Hukuma ta amince da takardarku? Duk wanda ya ce a turo masa kuɗi ta waya zai sama wa yaro gurbi a jirgi, ki yi nesa da shi.

Sai batun lafiya. Ana gwada ido, kunne da ƙarfin jiki. Akwai yaran da ba sa bambance ja da kore, su kansu ba su sani ba, kuma wannan kan iya hana mutum aikin. Gwajin ba shi da tsada a asibitin ido. A yi shi tun kafin a kashe ko sisi.

Aikin da wahala. Zafin ɗakin inji kan wuce digiri 40, ga ƙara sai an toshe kunne. Mutum kan yi wata huɗu zuwa tara bai taka gida ba: azumi a teku, salla a teku, a yi suna a yi rasuwa ba ya nan. Mu da muka san darajar zumunci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata yarinyar da zai aura ta san da shi tun kafin a kai kuɗi. Akwai kuma 'yan fashin teku. A 2020 ma'aikatan jirgi 130 aka sace a mashigin tekun Gini, wato ruwan da ke gabanmu, ko da yake abin ya ragu sosai tun daga 2021. A ɗaya ɓangaren, wanda ya sami lasisi ya shiga kamfanin waje da dala ake biyansa, kuma ranar da ya gaji da teku, tashoshin wutar lantarki, matatun mai da masana'antu suna neman irin hannunsa.

Idan 'yarki ce mai sha'awar fa? Mata ba su kai biyu cikin ɗari na ma'aikatan jiragen ruwa ba, amma suna nan. Victoria Drummond, mace ta farko da ta zama injiniyar jirgin ruwa a Birtaniya, ta sami lambar yabo a 1941 saboda ta tsaya ita kaɗai a ɗakin inji tana riƙe da jirgin yana tafiya yayin da ake yi musu ruwan bama-bamai. Kowace uwa da mahaifin yarinya su za su auna wannan da yanayin gidansu, su bincika kamfani da irin kariyar da yake ba mata.

Na koma wurin Yaya da duk wannan. Ba ta ce ta yarda ba, har yanzu idan an ambaci teku sai ta kawar da kai. Amma ta daina cewa "ba za ka ba", ta koma cewa "bari Abbanku ya dawo mu zauna." Ranar Litinin ita da kanta ta kai shi gwajin ido, ya kuma karanta duk lambobin da ke cikin ɗigon launukan. Ta ce sharaɗinta na gaba shi ne ya koyi iyo, don ko a kududdufi bai taɓa shiga ba.

Ke fa, da ɗanki ne ko 'yarki, za ki bari? Idan kuma akwai wadda nata ko maigidanta ke wannan aiki, ta faɗa mana a ƙasa yadda take jure watannin jira, don Yaya tana karantawa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su sana'a mai albarka. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.